Batirin Agogon Surukina

Ba na jin zan taɓa mantawa da makon da agogon surukina ya kwana a hannuna, ko da kuwa tsufa ya kwashe mini duk sauran abin da ke kaina. A lokacin ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Talata Mafara (ku riƙe wannan, kimiyya na ce, don ku san girman abin kunyar), kuma ina neman auren Rukayya, wadda iyayenta ke Bakura. An kai gaisuwa, an karɓa, amma ba a sa rana ba. Wanda ya taɓa shiga wannan tsakanin ya san yadda yake: ko tari mahaifin yarinya ya yi, sai ka kwana kana fassara shi.

Wata Juma'a na je gaishe da mahaifinta, Alhaji Mamman, dattijon da maganarsa ba ta wuce ta ƙirga da yatsu. Ina durƙushe, kaina a ƙasa, ya miƙo mini wani abu a naɗe cikin hankici.

"Malam, agogona ne. Maɗaurin fatar ya tsage. Tunda kana Mafara, ran Talata ka shiga kasuwa a sauya mini shi."

Na karɓa da hannu biyu kamar an ba ni jariri. Ban ko buɗe ba, saboda kunya. A hanya kuwa murna nake, don a ganina mutum ba ya ba ka agogonsa sai ya yarda zai ba ka 'yarsa. Ina isa gida na sa shi a ƙasan akwati, ƙarƙashin shaddata ta Sallah, na kulle.

Ran Talata da safe na warware hankicin. Agogo ne tsoho, mai nauyi, fuskarsa ta ɗan yi ruwan ƙwai. Kuma a tsaye yake cak. Siririn tsinken nan mai ƙirga sakan ko motsi ba ya yi.

Na ƙwanƙwasa gilashin da farce, shiru. Na girgiza shi, na sake girgizawa da ƙarfi, sai ya tashi. Ban gama cewa alhamdulillahi ba na ga wani sabon tashin hankali. Duk agogon da na sani tun ina yaro, tsinkensa tsalle yake, tak, ya tsaya, tak, ya tsaya. Wannan kuwa sulalewa yake ba tsayawa, kamar maciji a kan siminti. Na kara shi a kunne, na ji bugu da sauri-sauri irin na zuciyar kazar da aka kama. Nan take na yanke hukunci cewa girgizar da na yi ta tsinka wani abu a ciki. (Da na nutsu na minti ɗaya na gwada shi da agogon wayata, da na ga tafiyarsu ɗaya. Amma wa ya ga nutsuwa a lokacin?)

Ranar nan ban san abin da na koyar ba. Ana tashi na nufi kasuwa, wurin wani mai tebur da ke sayar da batirin rimot da na tocila da agogunan roba. Na ce masa agogo ya tsaya, ya tashi, yanzu kuma gudu yake. Ya ce, "Batir ne, Malam, yanzun nan." Ya sa bakin wuƙa a bayan agogon, wuƙar ta zame ƙiiit, ta bar zane mai tsawo. Na ji kamar a bayana aka zana. Ya kawo filaya ya murɗa, murfin ya buɗe. Muka haɗa kai muna leƙawa. Ga wasu ƙananan ƙafafu masu haƙora suna juyawa, ga wani ƙarfe mai siffar rabin wata yana lilo.

"Malam," ya ce, ya rage murya, "babu batir a ciki. An zare."

Na ce to da me yake tafiya?

"Ragowar wuta ce. Ba ka ga fanka in an ɗauke wuta tana ci gaba da juyawa kafin ta tsaya ba?"

Wallahi na yarda. Ni, mai digiri, na gyaɗa kai har ina cewa wannan bayani ya hau. Ya so ya tura batir ko ta ina, Allah ya taimake ni na hana. Aka rufe, aka sa sabon maɗauri, na dawo gida da agogo mai zane a baya.

Kwana huɗu na yi ina ta fama. In na ajiye agogon ya kwana biyu ya mutu, in na taɓa shi ya farka ya kama sulalewa. Rukayya ta kira ta ce muryata ta sauya, na ce mura ce. Na yi ta juya yadda zan faɗa wa mahaifinta, har wata dabara ta faɗo mini, wadda a lokacin na ɗauka basira ce: tunda an zare batir, ai akwai wanda ya zare, kuma ba ni ba ne. In na riga faɗa, na tashi daga mai ɓarna na koma mai tona asirin macuci.

Ran Asabar na hau babur zuwa Bakura, ina maimaita jawabina a hanya. Na tarar da Alhaji a zaure tare da wani baƙo, tsoho siriri mai tabarau mai kauri, suna cin goro. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Aka yi gaisuwa, ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya makaranta, ya hanya, ya muka ji da jama'a, ni dai ina ta "lafiya lau". Na miƙa hankicin, na share murya.

"Baba, an sa maɗauri. Sai dai akwai magana. Duk wanda ya gyara maka agogon nan na ƙarshe bai ji tsoron Allah ba. Ya zare batirin. Shi ya sa tsinken ya rikice, ba ya tsalle, sai zamewa."

Alhaji ya daina tauna goro. Baƙon ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya dube ni.

"Mi ka ce, yaro?"

Ni kuma, maimakon in ji ƙamshin abin da ke tafe, na maimaita. Har da misalin fanka.

Alhaji ya nuna baƙon da haɓa. "Wanga shi ne Malam Isa na Maradun. Tun ba a haife ka ba shi ka gyara min agogon ga."

Da ƙasa tana buɗewa don tausayi, da ranar ta buɗe. Zufa ta karyo mini daga ƙarƙashin hula har cikin ido, kuma ba halin in goge.

Malam Isa bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi duka zafi. Ya karɓi agogon, ya kara a kunne, ya yi murmushi kamar ya ji muryar tsohon aboki. Ya ce agogo iri biyu ne. Mai batir, shi ne tsinkensa ke tsalle sau ɗaya kowane sakan. Wannan kuwa tun daga masana'anta bai san batir ba. Akwai wani siririn ƙarfe a naɗe a cikinsa kamar gammo, motsin hannun mai shi ke ɗaure shi, shi kuma yana warwarewa a hankali yana tura ƙafafun. Tsinken ma taku yake, amma ƙanana ne da sauri, sau da yawa cikin sakan guda, har ido ya ga kamar sulalewa.

"In ka aje shi kwana biyu ba motsi, shina barci. In ka ɗauka, shi tashi. Lafiyarsa lau." Sai ya juya bayan agogon. Babban yatsansa ya tsaya a kan zanen. "To wannan fa? Wa ya shiga mai da wuƙa?"

A nan jawabi ya ƙare. Na faɗi gaskiya tun daga akwati har filaya, na ce Malam Isa ya yafe mini ƙazafin da na yi masa. Ya ce ya yafe, yana dariya har da tari. Alhaji bai yi dariya ba. Ya ɗaura agogonsa, ya daidaita lokaci, sannan ya ce, "Rashin sani ba komi ba ne, Malam. Amma in ba ka ga ɓarawo ba, kada ka ƙera shi."

Na koma Mafara ina da yaƙinin aure ya tashi. Sati biyu ko kiran Rukayya da ƙyar nake ɗauka. Sai ga saƙo wai manyana su zo a sa rana. Daga baya ta gaya mini mahaifinta ya ce mutumin da zai iya durƙusawa ya ce ya yi ƙarya a gaban wanda ya yi wa, ana iya zama da shi, ko da bai san agogo ba.

Yau 'ya'yanmu biyu, amma a gidan surukaina har yanzu Malam Batir ake kirana, har matan gidan ta bayan labule. Abin da na koya shi ne, in abu ya fi ƙarfin sanina, in ce ban sani ba tun da wuri, ya fi arha. In kuma shaiɗan ya matsa lallai sai na kira wani macuci, to in fara tambayar sunan baƙon da ke zaune a kan tabarma.