Motar Tsoho Sai An Tura

"Lafiya lau, in ban da ganinki," in ji Tsoho, bai ko ɗago kai daga gilashin motar da yake gogewa ba. "Da sassafen nan wa kika zo ki ƙarasa?"

"Kai mana. An ce mini har yanzu kana numfashi, na ce bari in zo in gani da idona."

"To kin gani. Ƙofa tana nan inda kika bar ta."

Jikarsa ce, 'yar babban ɗansa, wadda duk gida ke kira Mai Waya, don ko loma za ta kai baki sai wayar ta fara gani. Karatun talla ta yi, har da takardar shaida. Shi kuwa shekara talatin da ɗoriya yana dillancin motoci a wannan fili: masu motoci su kawo su ajiye, shi ya nemo mai saye. Ko taya ɗaya ba tasa ba ce. Abin da ya mallaka suna ne kawai, in ya ce inji lafiya yake, ba wanda ke sake buɗe bonet. Wata guda da ya wuce, mota goma sha bakwai ce jere a filin. Yau huɗu suka rage, sai shatin tayoyi da ɗigon baƙin mai a inda sauran suka tsaya.

Abin da ya kwashe su bidiyo ne. Kasuwa ta yi sanyi, sai Mai Waya ta ce talla mai ladabi ba mai kallonsa, sai wanda ya tsokano mutane. Ta kafa waya, suka yi irin wasan da suka saba a tsakar gida tun tana rarrafe. Ta dafa wata farar mota ta ce, "Motar Tsoho irin Tsoho ce, da safe sai an tura, in ta ga tudu ta kama tari." Shi kuma ya rama, ya ce, "Matsiyacin da ke yawo a ƙasa har ya samu bakin magana? Je ki wanke faso tukuna." Suka yi dariya har da hawaye. Ko kusa bai zo musu a rai ba cewa mutanen cikin waya ba su san kaka da jika ne ke wasansu ba.

"Miliyan biyu," ta ce, ta zauna a bencinsa ta miƙe ƙafa. "Jiya masu kallonsa suka cika miliyan biyu. Kai da ko a layinku ba a gama saninka ba."

"A cikin miliyan biyun nan, mutum nawa ya zo da niyyar saye?"

"Jama'a na zuwa kullum, kada ka yi mini ƙarya da furfurarka."

"Suna zuwa. Shekaranjiya wasu samari bakwai suka zo, suka ce in shiga mota su tura ni su ɗauka. Ɗaya har da tambaya ko zan iya yin tarin."

"Ka yi?"

"Na yi, amma ba don su ba."

Ta ƙyalƙyale da dariya. Shi ma bakinsa ya so motsawa, ya hana shi.

"Tsoho, ba ka san zamani ba. Yanzu suna ake nema, ciniki daga baya yake biyowa. Manyan kamfanonin mota da gangan suke tsokano faɗa don a yi ta maganarsu."

"Su suna da wata motar da za su ƙera gobe. Ni wane sunan zan ƙera? Masu motoci sun ce jikata ta tsaya a gaban duniya ta ce kayansu sai an tura, sun zo sun kwashe. Masu tafiya a ƙasa sun ce na kira su matsiyata, alhali su ne masu sayen motar farko, su ne abincina. Kin haɗa ni faɗa da mai kaya da mai saye a minti ɗaya. Ko Shaiɗan sai ya yi kwana biyu kafin ya gama wannan aiki."

"Ni na sa maka maganar faso a baki? Da kanka ka ƙirƙiro, har kana cewa in maimaita ɗauka don hularka ta karkace."

"Ke nake zagi. Ƙafarki nake nufi, wannan mai kama da bayan kada."

"Ƙafar gado ce, daga wajenka na ɗauko."

Gaskiya ne, shi ya ce a maimaita ɗauka. Abin da ke hana shi sukuni ke nan. Da wani ne ya ɓata masa suna, da ya san ƙofar da zai je ya buga. Amma bakinsa ne, da bakin yarinyar da ya fi so a duk jikokinsa, kuma a ranar ya ji daɗin abin har cikin ransa. Ya ninke tsumman ya sake warewa.

"Mai motocin nan huɗu ya bugo," ya ce. "In mako ya ƙare ba a ɗaga ko ɗaya ba, zai aiko direbobi."

"Sai mu yi wani bidiyon. Ka fito kana kuka, ka ba da haƙuri. Hawayen tsoho yana tafiya sosai a waya."

"Ki jira in mutu ki ɗauki gawar, za ta fi tafiya."

"Kai ko mutuwar sai an tura ka."

Ƙarar mota ta katse su. Wata ƙaramar shuɗiya ta shigo filin a hankali, injinta ko tari babu. Tsoho ya gane ta tun daga ƙofa. Shi ya sayar da ita bara ga wani malamin makaranta, mutum mai kunya, wanda ya yi alkawarin in ƙaninsa ya tashi sayen mota nan zai kawo shi. Nan da nan ya gyara hula, ya jefar da tsumman bayan benci.

"Kin ga ciniki na gaskiya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Wannan ba waya ce ta kawo shi ba. Ki rufe bakin nan naki, in kin iya."

"Na ci amana in ban ce bidiyona ne ya tuna masa da kai ba."

Malamin ya fito shi kaɗai. Ya gaida Tsoho har da rusunawa, ya tambayi iyali, ya tambayi jiki, ya sake tambayar iyali. Tsoho na ta leƙen cikin motar ko ƙanin na ciki.

"Motar dai lafiya, Malam?"

"Lafiya ƙalau, Baba. Shekara guda ko sau ɗaya ba ta ba ni kunya ba."

"Ki ji da kunnenki," in ji Tsoho. "To ina ƙanin namu?"

Malam ya sunkuyar da kai. "Ya saya a wani wuri, Baba. Na yi masa bayani, ya ce ya yarda da ni, amma matarsa ta ce ba za a yi ta nuna su a titi ba." Ya nuna gilashin baya. "Ni ma wata 'yar alfarma ta kawo ni. Sitikar nan."

Duk motar da ta fita daga hannun Tsoho, da kansa yake manna mata sitika mai sunan filinsa a gilashin baya. Ba ya bari wani ya manna, wai kada a karkace masa suna.

"Kullum in na zo fita daga makaranta sai ɗalibai su taru a bayana suna turawa suna waƙa. Har shugaban makaranta ya yi mini magana. Na so in kankare da kaina, sai na ga rashin kunya ne in yi a bayan idonka."

Tsoho ya daɗe yana kallon sitikar. Rana ta ɗan cinye launinta, amma tana nan miƙe sambal yadda ya manna ta.

"Ka kyauta da ka zo," ya ce.

Ya shiga rumfa ya ɗauko reza, ya jiƙa gilashin da ruwa, ya sa hannu yana ɗagowa daga gefe a hankali don kada ya ƙarce wa mutum gilashi. Mai Waya ta tashi za ta karɓa, ya ture ta da gwiwar hannu. Da ya gama ya goge wurin da bakin rigarsa har ya yi ƙyalli. Malam ya yi ta ba da haƙuri, ya shiga mota, ta tashi bugu ɗaya, ya fice.

Mai Waya ta kife wayarta a kan benci, abin da bai taɓa ganin ta yi ba. Idonta ya kawo ruwa.

"Kaka," ta ce. Rabon da ta kira shi haka tun tana firamare. "Zan goge bidiyon yau."

"Ki goge naki. Na sauran miliyan biyun fa?" Ya kamo hannunta, ya ɗora mata jiƙaƙƙiyar sitikar a tafi. "Ungo. Kin ce suna ake nema. Ga na shekara talatin, na ba ki kyauta."

Ta kasa cewa komai. Shirun nan kuwa ya fi masa fitar motocin ciwo, don in yarinyar nan ta daina zaginsa, to ba abin da bidiyon ya bar masa.

"Zage ni mana," ya ce. "Ko bakin ma sai an tura?"

Ta share hanci da bayan hannu, ta duba abin da ke tafinta.

"Ko cire sitika ba ka iya ba," ta ce. "Ka yage rabin sunan."

Ya leƙa, ya ga haka ne. Dariya ta ƙwace masa, ta zo da tari, sai da ya dafa benci.

"Kin ci," ya ce. "Matsa in zauna."