Rasuwar Zoben Haƙorin Kyauta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya hi baƙin cikin yawa, ni Laraba ta Magarya nike sanar da mutanen Wurno, Rabah da Goronyo rasuwar zoben ƙarhen da likita Bature yas sa ma jikanyata Kyauta ga haƙorin turmi. Malam Mode ka rubutawa, na ko gaya mashi kar shi gyara mani magana.

Marigayi ya zo garinga cikin akwatin likita, lokacin rangadi. Ba mu aika kiranai ba. Ciwon ido yak kai mu asibiti, Bature yal leƙa bakin yarinya, yac ce haƙoranta sun hau juna. Yash shafa wani farin abu, yad danna zobe dama da hagu, yaɗ ɗaura masu waya, wai su ja haƙora su miƙe. Ta bakin malamin asibiti anka gaya mani liƙinga sai dai a cire da ƙarhi.

Marigayi mutumin kirki ne, Allah na gani. Shina da ƙyalli. Bai taɓa cin abincin kowa ba, sai dai shi tare shi ajiye. Bai da yawan magana, in ludayi ya taɓa shi sai shi ce ƙas. Saboda lahiyatai anka hana ma Kyauta rake, mazarƙwaila, ƙuli-ƙuli da goriba. Ɗiyar Wurno, kakar rake guda, tana kallon tsaranta na tsotsa tana haɗiyar miyau. Ni nit tsare ta da kaina.

Jinya ta soma da girgiɗi tun cikin damina. Munka kai shi ga maƙerin Dinawa, yac ce shina iya matse shi, in dai za a sa bakin yarinya cikin wuta. Munka gwada ƙaro, ƙaro yan narke. Ajali ya same shi ranar Talata, cikin tuwon gero da miyar kuɓewa. Tuwo, jama'a, wanda ni mai dasashi zalla nike ci. Maganatai ta ƙarshe, ƙwal, cikin kwano.

Ya bar ɗan'uwa guda can hagu, shi ma yanzu kwance-kwance shike. Ya bar haƙoran gaba sun koma inda sunka hito. Ya bar matatai waya, wadda tun shigarta takaba take sukar kumatun Kyauta har jini. Yarinya ta koma kunu, wuyanta kamar zare. Da nik kai kuka, malamin asibiti yac ce lalle rake nib ba ta, kuma likita sai rangadin baɗi. Rake mi? Ina yag gani?

An yi ma gawa wanka, an sa ta cikin farin ƙyalle, tana ƙulle ga bakin zanena. Za a ɗauke ta ranar Laraba cikin motar albasa zuwa Sakkwato, inda likita shike zaune. Kabarinta bisa teburin likita. Zaman makoki bakin ƙoharshi, ni da Kyauta, kuma ba kwana ukku ba ne: sai ya sa wani zobe da liƙin da ka riƙewa, ko shi cire wayatai daga bakin ɗiyan mutane.

Masu zuwa gaisuwa kar su wahala da goro. Su zo da rake. Tunda an riga an ce ta sha, to bari ta sha.