Ranar Da Na Ɗora Wa Jakada Kaya

Ba zan taɓa mantawa da satina na biyu a aikin tuƙa baƙin wata kwaleji a garin Greensboro na Amurka ba. Ogata ta ce in je filin jirgi in ɗauko tsohon ministan Iceland, wanda ya yi shekaru yana jakadanci, zai gabatar da lacca. Ta ƙara da cewa in na yi kuskure, aikin ya ƙare.

Ni da na tashi a Kano, wa zai koya mini gane babban mutum? Mutum biyu suka nufo allon sunan baƙon da nake riƙe da shi: wani ƙato mai kwat da tumbi, da wani siririn tsoho cikin rigar sanyi ta ulu. Na rusuna wa mai tumbin, na karɓi akwatinsa, na miƙa wa tsohon.

"Baba, riƙe wa oga wannan."

Mai tumbin ya buɗe baki zai yi magana, tsohon ya ƙifta masa ido. (Ni kuwa na ɗauka ladabin ƙasarsu ne.)

A mota, tsohon ya zauna gaba kusa da ni. Ganin bai iya aikinsa na yaron oga ba, sai tausayi ya kama ni, na shiga koya masa: ba a shiga gaban oga, ba a dariya sai ya yi. Yana ta gyaɗa kai, har da tambayoyi.

Da muka isa gidan liyafa a unguwar Irving Park, ogata ta wuce mai tumbin kamar ba ta gan shi ba, ta kama hannun tsohon.

"Mai girma jakada, wa ya ba ka ɗaukar akwati?"

Ashe mai tumbin surukinsa ne, rakiya ya yo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kallon da ogata ta yi mini, na san gobe sai yawon neman aiki a titin Gate City Boulevard.

Tsohon ya yi dariya har da hawaye. Ya ce a ƙasarsu minista layi yake bi a kanti kamar kowa, kuma duk yawonsa ba a taɓa yi masa bitar fadanci mai daɗin wannan ba. Ya roƙi a bar masa ni har ya koma. Daɗi ya kashe ni.

Yanzu ko mai gyaran famfo na ɗauko, "ranka ya daɗe" nake ce masa. Gara in yi asarar gaisuwa da in yi asarar aiki.