Yadda Ake Dasa Mataki a Injin Haɗa Manhaja Har Kora Ta Gagara

Ɗan'uwa mai rubuta manhaja, na ji an fara raɗe-raɗin rage ma'aikata a ofishinku, kuma tun ranar abincin rana ba ya wuce maka. Kwantar da hankalinka. Bi abin da zan faɗa maka daki-daki, ni kuma na ɗaukar maka alkawari: ko an sallami kowa har da Oga, kujerarka tana nan. Duk waɗanda na koya wa wannan dabara suna ofis har yanzu. Je ka duba, ko ranar Asabar ce za ka same su.

1. San filinka

Ka dai san injin haɗa manhaja, wanda ke zaune a babbar kwamfutar kamfani. Kowa ya rubuta nasa ya tura, injin ya tattara, ya gwada, ya ƙunshe, ya fito da manhajar da za a miƙa wa abokan ciniki. In komai ya tafi daidai, allon da ke bangon ofis ya yi kore. In wani abu ya karye ya yi ja, Oga ya fito da kofin shayi a hannu yana tambayar wa ya taɓa.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, injin nan yana ba kowa damar ƙara matakinsa. Ka faɗa masa sunan matakin, da abin da zai ɗauka, da umarnin da zai bi, da abin da zai fitar, shi ke nan. Fayil ɗin da ake rubuta wannan kuwa kowa tsoronsa yake ji, ba mai buɗe shi sai dole. To nan za ka yi shuka.

2. Raɗa masa suna mai kwarjini

Kada ka kuskura ka sa sunan da ke bayyana aikinsa. Sa masa "daidaita-tushe-na-biyu". Wannan "na biyu" ɗin ya fi komai amfani, don duk wanda ya gani zai ɗauka akwai na ɗaya, shi ne bai sani ba, kunya ta hana shi tambaya.

Cusa shi a tsakiya, ka gaya wa injin kada ya fara ƙunshewa sai naka ya gama. Bayani kuwa kada ka rubuta ko layi ɗaya. In zuciyarka ta dame ka, rubuta "kada a taɓa" a samansa, ka ga ka fita haƙƙin jama'a.

3. Ɗaure shi da abin da ke hannunka

Aikin matakin ɗaya ne tak: ya leƙa laftof ɗinka ta layin ofis, ya tabbatar wani fayil yana nan, bai canza ko ɗigo ba. In ya same shi, aiki ya wuce. In bai same shi ba, komai ya tsaya cak.

Wane fayil? Hoton 'yarka. Wanda ka ɗauka ranar da haƙoranta na gaba suka faɗi, tana washe baki da gibi, har ka laƙaba mata 'Yar Gibi. Ba mai binciken da zai zargi hoton yarinya. Ka ga ke nan ka haɗa son iyali da tsaron aiki a wuri ɗaya, abin da masana suka daɗe suna cewa ba ya yiwuwa.

Saƙon da zai fito in abin ya tsaya, shi ma a taƙaita: "An samu matsala. Tuntuɓi mai kula." Kada ka ambaci waye mai kular, za su gano da kansu.

4. Bar su su yi gumi

Zaɓi ranar da za a tura wa abokin ciniki aiki. Rufe laftof ɗinka, ka sauka ƙasa shan shayi. Kada ka yi sauri, ka tsaya ka gaisa da mai gadi, ka tambaye shi ya ƙafarsa.

Kana dawowa za ka tarar da allo ja wur, mutane sun yi cirko-cirko.

"Kai, ina ka shiga?" in ji Oga. "Abin nan ya tsaya, kuma yau mutanen nan suke jira!"

"Yallaɓai, bari in gani."

Buɗe laftof ɗin. Buɗewar nan ita ce gyaran, amma kai kaɗai ka sani. Haɗe gira, ka yi ta danne-danne, ka ja tsaki sau ɗaya, sannan ka sa a sake tayar da injin. Allo na yin kore ka jingina ka ce, "Tushen ne ya ɗan goce." Oga zai dafa kafaɗarka ya sa maka albarka, kai kuma ka sunkuyar da kai kamar mai tawali'u.

5. Kare shukarka daga masu shara

Kowane ofis yana da mai son tsabta. A naku Mai Gilashi ce, wadda teburinta ke kusa da taga, mai rubuta bayanin duk abin da ta yi kamar gobe za ta yi tafiya. Wata rana za ta jawo kujera.

"Malam, wannan daidaita-tushen, me yake daidaitawa ne? Na karanta ban gane ba."

Yi murmushin manya ka ce, "Hajiya, dogon labari ne. In muka samu lokaci zan zauna da ke."

Lokacin kuwa kada ya samu. In ta matsa ta ce a cire a gani, ce mata bismillah, amma ta fara sanar da Oga cewa ita ta cire. Za ta mayar da kujerarta inda ta ɗauko.

6. Girbi

Ranar rage ma'aikata sunanka ba zai fito ba. Na faɗa maka.

Akwai 'yan ƙananan abubuwa da za su biyo baya, kada su dame ka. Za a ƙara wa Mai Gilashi girma, saboda aikinta kowa na iya karɓa ya ci gaba. Kai kuwa Oga zai kira ka gefe ya ce, "Wallahi kai muka so, amma in ka tashi daga nan wa zai riƙe mana injin?" Wannan yabo ne, karɓe shi hannu biyu.

Hutu ma haka. Da ka kai takarda zai ce, "Bari a wuce wannan watan." Injin kuwa bai san Asabar ba, bai san Lahadi ba, don haka kai ma za ka daina saninsu. Za ka riƙa fita yara ba su tashi ba, ka dawo sun kwanta. In matarka ta ce, "Abban yara, ranar ba da kyauta a makarantar yarinyar nan fa ta wuce, ta yi ta waiwayen ƙofa," ka ce mata ofis ba ya tafiya in ba kai. Gaskiya ka faɗa, kai ka tsara shi haka.

7. In allo ya ƙi yin kore

Wata Litinin za ka buɗe laftof, ka haɗe gira, ka ja tsakinka, a tayar da injin, allo ya tsaya a ja. A sake, ja. Nan ne gumin gaske zai keto maka. Leƙa inda hoton yake. Babu shi.

Fita baranda ka kira gida. Matarka za ta ce ai jiya yarinyar ta ɗauki laftof ɗin ta yi aikin makaranta kana barci, ga ta nan ma ba ta jin daɗi, yau ba ta je makaranta ba. Ce a miƙa wa yarinyar wayar.

"'Yar Gibi, ke kika goge hoton nan?"

"Ni ce, Abba. Na girme shi. Kuma ka daina ce min 'Yar Gibi."

"Don me?"

"Abba, ai haƙorana sun fito tun bara. Ba ka gani ba?"

Ba ka gani ba, kuma zai yi maka ciwo, ciwo sosai, amma Oga yana ƙwanƙwasa gilashin baranda yana nuna maka allo. Ce wa uwarta ta ɗauke ta sabon hoto ta turo, ka sa shi a gurbin tsohon, ka gyara matakin. Allo zai yi kore, a tafa maka. Kafin ka rufe hoton ka ɗan tsaya ka dube shi da kyau, don ka gane ta in kun haɗu a hanya.

Sanarwa

Mai wannan shawara ya yi alkawarin kujera, kuma kujera ta samu. Bai ɗauki alhakin ƙarin girman da ya wuce ba, ko hutun da ya ƙi zuwa, ko fushin uwar gida, ko tsawon da yara suka yi ba da izininka ba. Duk mai ƙorafi ya tuntuɓi mai kula. Abin da kawai zan iya tabbatar maka shi ne, a ofishinku akwai mai duba yarinyar nan kullum safe ya ga tana nan, ba fashi. Injin ne.