Fankar Roba a Fadamar Zauro

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je kai zamani fadamar Zauro ba, har kabari kuwa.

Ni malami ne a wata makarantar koyon sana'a a Birnin Kebbi, kuma a shekarar aka kawo mana na'urar nan mai ƙera abubuwa. Sai ka zana abu a kwamfuta, ita kuma ta narkar da zaren roba ta riƙa ɗora shi layi bisa layi, kamar mai ginin rumbu, har abin ya fito. Na haukace a kanta. Duk wanda ya gaishe ni sai ya sha lacca (har mai kifin unguwarmu bai tsira ba).

Ana haka fankar da ke jan ruwa a cikin injin ban-ruwan Kawu Bawa, yayan mahaifiyata, ta fashe. Rani ne, bai daɗe da dashen shinkafa ba, kuma ita ce abincin gidansa na shekara. An zagaye kasuwa ba a samu irinta ba, sai an aiko daga Kudu. Wani maƙwabcinsa ya ce zai ara masa inji ran Laraba. Ni uban iyawa na ce ya gode masa kawai, ya bar mini aikin.

Ran Alhamis na dira gonar da fankar roba da na ƙera, cikin farar shadda, na kuma sa aka kira manoman kusa. Bayan na ɗaura ta, na hau kan kunyar gona na fara jawabi: jiran kaya daga ƙasashen waje ya ƙare, nan gaba kowane gari zai ƙera abin da ya lalace masa a ɗaki guda, manyan masana'antu su kuka da kansu.

Kawu ya taho da bokiti. “Malam, bari in ɗura mai ruwa tukun.”

“Kawu, wannan aikin ilimi ne,” na ce, na fizgi igiyar tada inji.

Ashe kowane manomin fadama ya san ba a tada inji sai an cika cikinsa da ruwa. Fankar ƙarfe takan yi haƙuri da wawa na ɗan lokaci. Ta roba ba ta da wannan kawaicin. Inji ya yi ta ruri, mutum wajen ashirin sun zuba wa bakin tiyo ido, ko ɗigo. Sai ƙauri. Da aka kwance, fankata ta koma kamar cingam ɗin da aka tauna.

Wani tsoho ya leƙa, ya ce, “Bawa, wanga shi na zamanin da munka baro aiki muka jira?”

Dariyar da aka fashe da ita ba ta ƙona ni kamar asarar da na jawo wa Kawu ba. Injin aron ya riga ya tafi wata gona, kuma kafin layi ya zagayo, fangalin shinkafa biyu sun bushe. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma na cancance ta. Har yau a Zauro sunana Injiniya Ƙauri.

Amma su yi ta kira. Ban janye ko kalma ɗaya daga jawabina ba, domin fankar ba ta yi laifi ba, mai ita ne dolo. Na koma na ƙera wata da roba mai jure zafi, na dawo ran Litinin cikin tsohuwar riga, ba gayya, ba jawabi. Ita ta shayar da sauran gonar har girbi.

Ran Litinin ɗin, kafin a ɗaura ta, Kawu ya juya ta a hannu, ya ce, “Aikinka ya yi kyau, ɗana. Kai ka ƙera, mun yarda. Amma igiyag ga, ni ka jan ta.”

Ya miƙo mini bokitin. Tun daga ranar na gane cewa ko duniya mutum zai canza, ya fara tsayawa a ɗura ruwa.