Caja Mai Hatimi Uku da Rediyon Abdurazak

Jiya na ƙona rediyon maƙwabcina Abdurazak, kuma har yanzu hamdala nake yi. Ku saurara tukuna kafin ku zage ni.

Marigayi yayana Mohamed, kamar sauran 'yan Adar, ya yi zaman bida, wato ci-rani, a Abijan. Wasu sun dawo da kwanon rufi, shi kuwa ya dawo da akwatin wasan talabijin irin na da, mai kaset. Duk lokacin da aka kunna tseren mota, sunansa ne ke fitowa a sama, gwanin da ba a taɓa wucewa ba. Abin da ya rage mini na hannunsa ke nan. To, cajar akwatin ta mutu, kuma an ce in na saka wadda ba daidai ba, akwati da kaset da suna duk za su tafi.

Na ja Abdurazak muka shiga kasuwar Tawa. Mai kaya ya miƙo wata caja yana washe baki.

"Malam, dibi da kyau. Hatimi ukku gare ta, na manya!"

Kun san wannan hatimin. Bara Masu Girma Iyayen Inganci, hukumar duba kaya, suka kafa rumfuna, aka yanka raguna, aka rantse jabun kaya ya daina shigowa. Allah ya ƙara musu lafiya, aiki ya yi kyau, domin yanzu har a jikin amalanken jaki ina ganin hatimin inganci.

Abdurazak dillalin dabbobi ne a kasuwar Barmu. Ya karɓi cajar ya jinjina ta a tafin hannu, ya lumshe ido.

"Caja kamar tunkiya ta, ga hannu aka gane ta. Wagga na da nama. Ɗauka, ni na tsaya maka."

Da muka dawo gida zan jona, sai Raƙiya matata ta riƙe mini hannu.

"Mai gida, tunda Malam Abdurazak ya tsaya, a hwara da rediyonshi mana."

Ya ce don wannan ba komai, bakin cajar ma ya shiga daidai. Rediyo ya yi tari sau ɗaya, ya saki hayaƙi mai warin ƙonannen takalmi, ya yi shiru. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Muka fasa cajar don mu ga naman, sai ga dunƙulen siminti an manne da 'yan wayoyi sirara. Na tuna wasu manyan da babbar riga ke ƙara wa nauyi, amma na ja bakina.

A nan hankali ya zo mini. Na kifa akwatin, ashe tun fil azal an rubuta abin da yake ci a gindinsa: volt tara, da ƙarfin da yake ja, da ɗan zanen da ke nuna ko tsakiyar bakin cajar ƙari ne ko ragi. Na naɗe shi a zanen Raƙiya na koma kasuwa, na bi rumfa rumfa har na sami wadda rubutunta ya yi daidai, aka auna mini ita a gabana. Ba ta da nauyi, ba ta da hatimi ko ɗaya. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Bayan la'asar na jona da bismillah. Kiɗan nan na da ya tashi, sunan Mohamed ya fito a sama inda ya bar shi. Ban ɓoye ba, hawaye suka zubo mini. Abdurazak ma ya manta da rediyonsa, ya ce, "Allah jiƙan gwani."

Ban gama cewa amin ba kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke.

Ban yi fushi ba, jama'a. Cikin duk masu kula da lafiyar akwatin yayana babu kamar manyanmu, domin wutar da babu ita ba ta taɓa ƙona kayan kowa ba. Shi ma Abdurazak ya ce rashin rediyon bai dame shi ba, dama alkawari kawai yake ji a ciki.