Na'urar da Na Zaɓo wa Rabi

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a Bader Goula ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar. Amma bari in faro daga inda na fara kaucewa hanya.

Ni malamin lissafi ne a nan Dakoro. Tun ranar da na gyara wa daraktanmu injin buga takardu (waya ce kawai ta zare, na mayar da ita), aka ɗauke ni masanin na'ura a unguwa, ni kuma ban taɓa musantawa ba. Matata Rabi ma'aikaciyar lafiyar dabbobi ce, irin masu yawo ruga-ruga da allura da akwatin ƙanƙara. A shekarar nan aka ɗora ta kan aikin rigakafi na ɓangaren arewa, karon farko da aka damƙa mata ragamar wani abu. Ta daɗe tana tanadi don ta sayi ordinater, wato kwamfuta, ta ɗauka a jaka, ta huta da rubuta rahoto da hannu.

"Mushe, kai ka san abin ga," ta ce da ni (Mushe ake ce wa malamin boko a nan, ita ma haka take kirana). "Ka tahi Maradi ka zaɓo min. Ni dai wadda za ta jure daji nike so, inda babu kuran, ba wutar lantarki ko kaɗan."

Na ce ta kwantar da hankalinta, ta zo wurin gwani.

Mai shagon da na shiga a Maradi mutumin kirki ne, ba ni da abin ɗora masa. Ya ajiye mini guda biyu a kan tebur. Ta farko siririya, ba nauyi. Ya ce purosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da komai a ciki, ba ya shan wuta. Batirin zai kai mutum tun safe har la'asar, kuma ya wadatar ga rubutu da hotuna da jadawali. Ta biyu kuwa baƙa ce, mai kauri, da jan haske a ƙarƙashin maɓallanta. Ya ce wannan purosesar na masu wasa ne, ƙarfi gare shi kamar ingarma, amma yana zafi, kuma in babu kuran na'urar ba ta wuce awa ɗaya da rabi.

"Aikin mi za a yi da ita?" ya tambaye ni.

Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Sai ya kunna wasan ƙwallo a baƙar don in gani. Jama'a, ciyawar filin har kaɗawa take yi! Ana ganin zufa a goshin ɗan wasa. Na ji wani abu ya motsa a ƙirjina wanda ya yi shekara ashirin yana kwance.

"Aiki mai nauyi," na ce, ina kallon gefe. "Na gwamnati."

Ya ce in dai za a shiga daji da ita, siririyar ta fi. Na yi masa murmushin da nake yi wa ɗalibin da ya kusa samun amsa amma bai samu ba, na ce a naɗe mini baƙar. Har wasan na sa ya zuba mini, wai don gwaji.

A gida na yi wa Rabi lacca. Na ce shanun arewa suna da yawa, ƙaramin purosesar ba zai iya ɗaukarsu ba (ni da na karanta lissafi na faɗi haka, da bakina). Ta ɗaga na'urar, ta ɗaga sharjarta mai girman bulo, ta dube ni, ta ce, "To, Allah shi sa albarka."

Sati uku ina "gwaji" kullum bayan la'asar.

Sai ranar taron buɗe rigakafi ta zo. Motar sabis ɗinsu ta cika da kayan allura, don haka ni na ɗauki Rabi a moto, wato babur ɗina. An taru a wani babban ɗaki a Bader Goula: shugabanta da ya zo takanas, ardo-ardo, dattawan makiyaya da rawunansu, mata a baya. An tada gurup, wato janareto, don injin haska hoto a bango. Rabi ta miƙo mini na'urar a gaban kowa, ta ce maigidanta ne zai haɗa, shi ne ya san kanta. Na tashi ina gyara wuyan riga.

Na haɗa waya. Na buɗe murfi.

Abin da na manta shi ne jiya na rufe murfin ban kashe wasan ba. Ihun ƴan kallo dubu ya cika ɗakin, har wani tsoho ya zabura ya riƙe sandarsa. Ga fili kore shar a bango. Ga ɗan wasa mai lamba goma a tsakiya, da ɗan gemu irin nawa, an rubuta masa a baya da manyan baƙaƙe: ZAKIN DAKORO. A sama kuma ga sakamako, shida da babu.

Na danna nan, na danna can. Zakin Dakoro ya ruga da gudu ya fita daga fili shi kaɗai.

Wani dattijo a sahun gaba, mai farin gemu, ya karkato cikin ladabi. "Malam, wanga mai gudu kai ne?"

Na ce ni ne.

"To su wa ke da shida?"

Na ce ba mu ba ne.

Ya girgiza kai da tausayi na gaske. "Allah shi kyauta gaba."

Ɗakin ya fashe. Shugaban Rabi ya cire tabarau yana share hawaye. Da ƙyar na kashe abin, na koma gefe na zauna. Rabi ta fara bayani. Na'urar kuwa fankokinta sai huci suke kamar za ta tashi sama. Ba a yi minti ashirin ba bango ya yi fari fat. Batir ya ƙare. Ta waiwayo tana neman sharja. Sharja tana Dakoro, kusa da tabarmata, inda na bar ta.

Abin da ta yi a nan shi ne na fi tunawa. Ta rufe na'urar a hankali, ta ɗauki alli, ta zana rijiyoyin yankin a allo ɗaya bayan ɗaya, da ka. Ta faɗi ranar da za a je kowace, tana juya magana daga Hausa zuwa Fulatanci. Dattawan da ɗazu ke kallon bango da baki buɗe suka shiga gyara mata hanya, suna gardama, suna ƙara sunayen mashaya. Taron ya fi kyau nesa ba kusa ba. Ni dai ban iya ɗaga kai ba.

Muka kama hanyar dawowa, moto na ƙara cikin rairayi. Can Rabi ta taɓa kafaɗata ta ce in tsaya gindin wata aduwa. Na kashe moto, na fara haɗa kalmomin ban haƙuri.

"Na sani tun ranar da ka kawo ta," ta ce. "Kana min bayanin shanu, idonka na kan jan hasken nan."

"To mi ya hana ki magana?"

"Innarka ta taɓa ba ni labari. Ta ce kana yaro kakan tsaya bakin tagar gidan wasan bidiyo har a tashi, kana kallon ƴaƴan mutane, ba ka taɓa riƙe abin da hannunka ba. Da na ga yadda kake dariya kai kaɗai, sai na kasa." Ta kakkaɓe ƙura daga zanenta. "Amma da ka hwaɗa min gaskiya, Mushe. Wasan bai dame ni ba. Ka maishe ni wadda ba ta gane komi, shi ne ya yi min zahi."

Dariyar ɗakin can duka ba ta kai wannan ba. Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, amma in tada moto, rana na yi.

Asabar ta gaba na koma Maradi na musanya. Siririyar tana kai Rabi har la'asar, kuma ashe ita ma tana ɗaukar wasan, sai dai ƴan wasan suna tafiya kamar masu ciwon gwiwa. Ran Juma'a da yamma mukan buga tare. Tana cina, kusan kullum.

Yanzu in wani ya tare ni ya ce wane purosesar ya fi, sai in ce ya fara gaya mini wa zai yi aiki da na'urar, kuma a ina, sannan ya rantse ba shi ne ke son wasa ba. In ya fara kallon gefe, sai in ja shi inuwa in ba shi shawara ɗaya tak da na mallaka da gumina: ka faɗa wa matarka gaskiya, ka kuma kashe wasa kafin ka rufe murfi.